Baikonmu Yana Hawa, Yaushe Zai Gangara Ƙauye? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babbar Majalisar Ikilisiyarmu

Zuwa ga Baba Shugaba, da Magatakarda, da Ma'aji, da dukan iyayenmu fastoci da dattawa masu zama a Babbar Majalisa, Jos.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Yaya hidima, yaya iyali, yaya kuma fama da jama'a? Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi.

Baba, na san ba haka aka saba ba. Idan ɗan ikilisiya yana da magana, dattawan majami'arsa yake kai wa, su miƙa wa ƙaramar majalisa, ita ta kai gunduma, gunduma ta kawo muku. Na bi wannan tsani har sau biyu. Karo na farko aka ce mini an karɓa, za a duba. Karo na biyu aka ce ajanda ta cika, sai taro na gaba. Taro na gaba ya zo ya wuce. Shi ya sa na fito fili, ina kuma roƙon gafara idan hakan ya yi kama da rashin kunya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban rubuta sunan ɗarikarmu ba, ban rubuta na kowa ba, domin ba mutum na kawo ƙara ba, tsari na kawo. Ni kaina ma ina cikin masu laifi, za ku ji a gaba.

Shekara 11 na yi ina riƙe da jakar wata majami'a a cikin garin nan, bara na sauka. Kafin in zama ma'aji kuwa, ɗan mai bishara ne ni. Mahaifina a ƙauyuka ya yi aikinsa duka, albashinsa mudun acca ne da gayyar da 'yan ikilisiya kan yi masa a gona da damina. Na ci tuwo daga tukwanen nan biyu, na san bambancin miyarsu.

Duk Lahadi, bayan an sa albarka jama'a na gaisawa a waje, mu huɗu mukan shige ƙaramin ɗakin da ke bayan bagade mu tura ƙofa. Zakka daban, baiko daban, na godiya daban, na gini daban, na aikin bishara daban. Mu warware takardun da aka dunƙule, mu jera, mu ɗaure da roba, kowa ya sa hannu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma, rabin aikin ya koma duba saƙonnin banki a waya. Ƙarshen wata in cire kason da tsarinmu ya ce a tura sama, in kai, a ba ni rasit. Ƙofar da kuɗin nan ke shiga na san ta sarai. Ƙofar da suke fita ce ban taɓa gani da idona ba, sai dai jimlar da ake karantawa da Turanci a babban taro, da yamma, lokacin da rabin wakilai sun fita neman abinci.

Abin da ya hana ni barci a wani ƙauye na gamu da shi, bayan Mangu, inda kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa. Jana'izar innata ce ta kai ni, muka kwana har Lahadi. Majami'ar ginin laka ce da rufin kwano, benci kaɗan, sauran jama'a a kan tabarma. Da aka zo baiko mata suka taso da rawa, kai ka ce bikin aure ake. Abin da ya shiga kwanon kuwa, 'yan takardun hamsin da ɗari ne da suka sha hannu, da ƙwai uku, da ƙullin masara. Bayan sujada, da mai bisharar wurin ya ji ni ma'aji ne, sai ya ɗauko littafinsa ya nuna mini, kamar yadda manomi kan nuna wa ɗan'uwansa manomi gona. Baba, babu watan da suka tsallake. Kasonsu na sama cif-cif, rasit bayan rasit, an jera su cikin leda don kada yoyon ɗaki ya taɓa. Na tambaye shi yaya suke yi. Ya ce ai na sama ake fara cirewa, abin da ya rage shi ne nasa.

Bai yi ƙorafi ba ko kaɗan. Matarsa ce ta faɗa wa matata a bakin murhu, cewa wata biyar ke nan abin da ke ragewa bai kai ya sayi buhun taki ba. Dankalin da ya shuka da damina ciwon ganye ya cinye. Da rani yana noman lambu a gefen wani tsohon ramin kuza, yana jan ruwa da bokiti. Babban ɗansu ya bar makaranta a aji biyar na sakandare, yana bin masu haƙar ma'adinai. A cikin wannan watan dai, mu a birni mun zauna awa uku muna gardama a kan ko za a sauya tayil ɗin bagade ko a fara sayen janareta na biyu. Ni na rubuta bayanin taron. Aka yi duka biyun.

Babu wanda ya zauna ya shirya zaluntar bawan Allahn nan, na yarda da haka. Lissafi ne ya zalunce shi. Mun ce kowace majami'a ta ba da kaso iri ɗaya daga cikin ɗari, ta kuma biya ma'aikacinta da abin da ya rage. A kunne wannan adalci ne. To, a ce kason kashi 20 ne. Majami'ar da ke tara naira miliyan 5 a wata ta ba da miliyan 1, ta riƙe miliyan 4. Wadda ke tara naira 50,000 ta ba da 10,000, ta riƙe 40,000. A cikin 40,000 ɗin nan za a biya mai bishara, a toshe yoyo, a sayi alli na Makarantar Lahadi, a biya masa kuɗin mota zuwa taron gunduma, wanda idan bai je ba za a rubuta masa takardar gargaɗi. Gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 tun Yulin 2024. Ko da an juye masa kwanon baikon gaba ɗaya, bai kai abin da doka ta yanka wa mai shara a ofis ba. Wuƙa ɗaya muka sa, amma ɗaya sa muka yanka wa kunne, ɗaya kuma kaza muka cire wa cinya.

Daga nan sauran cututtukanmu suke tsiro. Ku kun fi ni sanin abin da ke faruwa idan lokacin sauya wa fastoci wurin aiki ya matso. Wayoyinku ba sa hutawa. Wannan matarsa ba ta da lafiya, sai kusa da asibiti. Wancan 'ya'yansa na jarrabawa. Wani ya biyo ta hannun babban mutumin da ya ba da siminti. Idan sunan mutum ya fito a ƙauye, abokansa ba barka suke masa ba, tambayarsa suke, "Me ka yi musu?" Aika mutum wurin da aka fi bukatar makiyayi ya zama horo a bakinmu. Ba na ganin laifin fastocin sosai. Wanda ya san cewa abincin 'ya'yansa ya rataya ne a kan aljihun garken da aka ba shi, dole ya nemi garke mai ƙiba. Haka kuma, wanda albashinsa ke fitowa daga aljihun mutum uku a majami'a, yaya zai tsawata wa ɗayansu daga kan bagade?

Sai kuma takardun roƙo. Akwai fayil guda a ofishinmu da babu komai cikinsa sai su. Fasto ya taso daga Bokkos ko Riyom ko Bassa tun asuba, ya sauka a tasha, ya hau keke Napep da ragowar kuɗinsa, ya zauna a bencin baya da takarda a hannu yana jiran lokacin sanarwa. A ba shi minti biyu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana binne matattu yana ɗaura aure, ya tsaya gaban yaran da ya isa haifa yana cewa iska ta yaye musu rufi. Idan yana da baki, ko yana da ɗan garinsu a cikin dattawa, a zagaya da kwano ya samu wani abu. Idan mai kunya ne, a ba shi kuɗin mota a ambulan a ce Allah ya buɗa. Mun mai da taimakon juna gasar iya roƙo. Na sha miƙa irin wannan ambulan, kuma ban taɓa iya kallon idon mai karɓa ba.

Ga abin da nake so majalisa ta ji, ko da za ta manta da sauran. Abin da birni zai tura ƙauye ba sadaka ba ce, bashi ne. Ku shiga kowace babbar majami'a a Rayfield ko Dadin Kowa ko Anguwan Rukuba ranar Lahadi, ku ce duk wanda aka yi wa baftisma a rafin ƙauye ya ɗaga hannu. Ku ce duk wanda ya koyi karatu a ƙarƙashin mangwaron majami'a, a hannun mai bishara mai faci a gwiwar wando, ya ɗaga hannu. Za ku ga hannun darakta da na likita da na lauya, da nawa. Majami'ar ƙauye ce ta raine mu tun muna zubar da majina, ta koya mana waƙa da addu'a. Ranar da muka fara karɓar albashi kuma sai muka kai zakkarmu wata majami'a mai tayil. Ƙauye ya yi shuka da noma, birni ya zo da lauje. In mun mutu ma can za a mai da mu, mai bisharar nan ne zai tara matasa su haƙa kabari, matarsa ta kwana tana dafa wa baƙinmu abinci.

Ba ni na ƙirƙiro wannan magana ta bashi ba. Ku malamaina ne, kun san Romawa 15. Da Bulus yake ba da labarin gudunmawar da Makidoniya da Akaya suka tara wa matalautan Urushalima, bai tsaya a yabon kirkinsu ba, cewa ya yi wajibi ne a kansu, tunda daga can suka sami albarkar ruhaniya. A 2 Korintiyawa 8 kuma ya faɗi manufar ƙarara: ba don waɗansu su huta waɗansu su sha wuya ba, sai don a yi daidai. Har ya koma kan manna a jeji, inda wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba. Kullum wannan sura muke karantawa ranar godiyar kaka don mu sa mutum ɗaya ɗaya ya buɗe aljihu. Amma Bulus ba tsakanin mutum da majami'arsa yake magana ba. Tsakanin ikilisiya da ikilisiya ne, daga wannan gari zuwa wancan, har da tsallake teku. Kuma waɗanda ya kafa misali da su, Makidoniyawa, matalauta ne tilis da suka roƙa a bar su su ba da nasu. Da na ga ledar rasit ɗin nan a bayan Mangu, na san ko su waye Makidoniyawanmu. Mu ne Korintiyawan da suka yi alkawari tun bara, har yanzu ana aiko musu da Titus, wanda Bulus ya aika ya tuna musu gudunmawar.

Iyayenmu ba su kafa aikin nan a kan kowa tasa ta fisshe shi ba. 'Yan mishan na SUM (Sudan United Mission) da Karl Kumm ya jagoranta sun sauka Wase a 1904. Shekara 34 bayan haka, a 1938, aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da Dawuda Lot fastoci, Birom da Tarok da Mwaghavul, mutanen da kakanninsu ba su jin harshen juna, suka zama ma'aikatan gida ɗaya. A gidan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) kuma, tun 1948 masu bi na ƙasar nan suka kafa ƙungiyar aika 'yan mishan nasu na kansu, wadda ake kira EMS a yau, da kwabo da sisin manoma da na Zumuntar Mata. A 1955 ikilisiyoyi suka taru a Randa suka ƙulla tarayyar da ta zama TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara aiki a 1959, haɗin gwiwa ce, domin babu ikilisiyar da za ta iya ɗaukar nauyinta ita kaɗai. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 shi ya sa Ngas da Irigwe da Ron suke iya buɗe aya ɗaya su karanta da murya ɗaya. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka ba su da asusun banki. Rumbu gare su, kuma sun san ba a cin rumbu a bar maƙwabci da yunwa a bazara.

Ko a zamaninmu mun ga irinsa. A Oktoban 2014, da Boko Haram suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) a Kwarhi kusa da Mubi, nan Jos shugabanninsu suka dawo da zama, gidaje da majami'u suka buɗe ƙofa ga waɗanda suka gudo. Ba a tambayi kowa katin ɗarikarsa ba. Idan wuta ta tashi mun iya zumunci. Yunwar da ba ta da hayaƙi, wadda ke cin mutum wata bayan wata, ita ce ba mu iya gani ba.

Matsalar takardun roƙon nan ma ba mu muka fara ta ba. 'Yan Baptis na kudancin ƙasar Amurka sun sha ta. A da, kowane sashe nasu, na mishan da na makarantu da na marayu, yakan aika wakilinsa ya bi majami'u yana roƙo daga bagade, wanda ya fi iya magana ya fi samu. A 1925 suka zauna a Memfis suka ce a daina, kowace majami'a ta zuba nata a tukunya ɗaya, a raba bisa ƙa'idar da kowa ya sani. Da wannan tukunya suke biyan 'yan mishan ɗinsu har yau, ba sai kowane ya bi gida gida yana neman mai ɗaukar nauyinsa ba. Ba cewa nake mu kwafo nasu ba, ƙasarsu daban tamu daban, su ma suna da nasu rigingimun. Na kawo shi ne don kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa sai a sama.

Yanzu bari in zo kan laifina. Tsarinmu bai cire kaso daga kuɗin gini ba. Duk mai riƙe jaka ya san wannan ƙofa. Idan wani ya kawo babbar godiya, ko wata ya yi albarka, sai in ja shi gefe in ce, "Yallabai, da za ka rubuta na gini ne, da ya fi mana amfani." Ya rubuta. Kuɗin ya kwana a gida, kason sama ya ragu. Dattawa sun sani, fasto ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa a taro. Ban ci ko kwabo ba, amma na sha tsallake Ayyukan Manzanni 5 a karatuna na safe, domin labarin Hananiya da Safiratu, da suka ɓoye wani kaso na kuɗin da suka kawo wa ikilisiya, ya yi kama da littafina fiye da yadda nake so. Mai bisharar ƙauye yana cire na sama kafin ya ci, ni mai digiri ina ɓoye na sama a ƙarƙashin bulo.

Me ya sa muka yi haka? Ba don mu kare kanmu nake faɗa ba, amma ya kamata ku sani. Ba mu amince ba ne. Mutum yana ganin sabuwar mota a hedkwata, yana ganin ayarin da ke zuwa taro, ba ya ganin takardar da ta ce ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. Wataƙila kowane kwabo yana inda ya kamata, ina fatan haka ne. Amma inda babu haske zato ke kwana. Sai na ƙasa ya ɓoye, na sama ya ga kuɗi ba su isa ba ya ƙara sabon haraji, na taro, na kalanda, na yadin ɗinki, na cikar shekara. Na ƙasa ya ƙara ɓoyewa. Wanda ba shi da asusun gini da zai ɓoye a ciki, shi ke biya duka.

Bulus bai ce wa Korintiyawa su amince da shi don shi manzo ne ba. Ya sa ikilisiyoyi su zaɓi nasu mutum ya raka kuɗin, ya ce yana gudun kada wani ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Idan manzo bai ji an raina shi don an sa masa ɗan rakiya ba, ban ga dalilin da tambayar lissafi za ta zama rashin ladabi a wurinmu ba.

To ga roƙona, Baba. A raba albashin ma'aikaci da kwanon baikon majami'arsa. A buɗe asusu ɗaya na ma'aikata, a yanka mafi ƙarancin abin da kowane fasto da mai bishara zai karɓa, ko a Tudun Wada yake ko a bayan dutse, ya shiga asusunsa rana ɗaya da na kowa. Yanzu ko a ƙauye akwai mai POS, hanyar biya ba ita ce matsala ba. Majami'ar birni da ke son ƙara wa fastonta wani abu a kai, ta ƙara, babu mai hana ta. Amma kada a ƙara wa kowa nama sai kowa ya sami tuwo. Don asusun ya cika kuma, dole kason ya bi ƙarfin majami'a. Wadda ba ta kai wani mizani ba a sassauta mata, ta kawo abin da take da shi, ko buhun masara ne a kaka, domin hana talaka bayarwa ma wulaƙanci ne. Manya su ɗauki kaso mafi nauyi, a kuma toshe ƙofar ginin nan da na bi, a ce ko kuɗin gini akwai ɗan abin da zai fita daga cikinsa zuwa rufin wata majami'a.

Wannan ba zai yi tafiya ba sai lissafi ya gangaro kamar yadda kuɗi ke hawa. Shafi ɗaya ya isa, duk wata uku, da Hausar da tsohuwa za ta gane: ga abin da kowace gunduma ta kawo, ga ma'aikata nawa aka biya, ga abin da ya rage. A karanta a sujada, a manna a ƙofa. Masu duba asusun kuma kada su zama waɗanda ke sa hannu a cek. A Ayyukan Manzanni 6, lokacin da masu bi masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci, manzanni ba su kafa kwamitin kare kansu ba. Cewa suka yi jama'a su zaɓi mutum bakwai, kuma duk bakwai ɗin da aka zaɓa sunayen Helenawa gare su. Wato ɓangaren da ya yi kuka aka miƙa wa ludayi. A sa mai bisharar ƙauye a kwamitin nan. A sa uwayenmu na Zumuntar Mata, su da suka shekara da shekaru suna riƙe adashi da asusun jana'iza ba a taɓa jin naira ta ɓace ba.

Na san abin da 'yan'uwana na birni za su ce, domin ni ma na faɗe shi a da. Za su ce mu ma muna da nauyi. Gaskiya ne. Tun hare-haren bam na 2012 muke biyan masu gadi da shinge da na'urar bincike. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ke shan abin da a da yake albashin mutum. Cikin bencinmu ma akwai gwauraye da marasa aiki, ba kowa ne darakta ba. Ban ce a kwashe komai ba. Amma wanda ke gardama a kan launin tayil bai kai ga bango ba tukuna. Wasu kuma za su ce idan albashi ya tabbata fasto zai yi lalaci, ba zai nemi rayuka ba. Wannan maganar kan ba ni mamaki. Fastocin birni albashinsu a tabbace yake, ban ji an ce a rage musu don su ƙara himma ba. Malalaci aikin gunduma ne ta tsawata masa, ba aikin yunwa ba ne.

Akwai abu guda da ba ya bukatar jiran kwamiti. Tun tashin hankalin Mangu na 2023, da abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023 ɗin, akwai majami'un da garkensu ya watse. Wasu mutanen suna nan cikin gari a ɗakunan 'yan'uwa, suna sujada tare da mu, ɗan abin da suka samu a kwanonmu suke sakawa. Makiyayinsu kuwa yana can yana zagaya kango, ko yana bin su sansani sansani da kuɗin aljihunsa. Na ga takardar da aka aika wa ɗayansu ana tuna masa bashin kason wata da watanni. Ina kyautata zaton magatakardan da ya buga ta jerin sunaye kawai ya bi. A yafe wannan bashi a rubuce, a zama na farko, a kuma fara biyan waɗannan ma'aikata daga sama kafin a gama tsara sauran.

Idan majalisa na tsoron a yi wa dukan ikilisiya sauyi a dare ɗaya, a gwada da gunduma biyu, ɗaya ta birni ɗaya ta karkara, shekara guda, a kawo sakamakon a fili.

Ni kuma na koma kan tsofaffin littattafaina na lissafa abin da na karkatar zuwa gini a shekarun nan 11. Na kai wa dattawanmu adadin a rubuce, na roƙe su mu biya shi kaɗan kaɗan. Ba su ji daɗi ba, har ɗaya ya daina amsa gaisuwata, amma ba su ce a'a ba tukuna. Kwafin takardar yana wurina idan Ma'aji na son gani.

Ba na neman a ba ni lokaci a taronku mai zuwa, na riga na faɗi nawa. Minti goma sha biyar nake roƙa wa mai bisharar nan na bayan Mangu, da safe, kafin wakilai su gaji, ba a lokacin sanarwa ba. Ya zo da littafinsa da ledar rasit ɗinsa, a bar shi ya yi magana da Hausa. Na riga na tambaye shi, ya ce idan iyayensa suka kira shi zai zo. Kuɗin motarsa zuwa da komowa ni zan biya, a gidana kuma zai kwana.

Ɗanku cikin Ubangiji,
Tsohon ma'aji, ɗan mai bishara,
Jos.